Abu Ɗaya Kuɗin Za Su Saya

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Ta sake mutuwa yau. Kwamfutar Yaya Muzzammil nake nufi. Yana tsakiyar wasan ƙwallo sai fankar cikinta ta yi ƙara kamar injin markaɗe, sikirin ya yi baƙi. Ga wuta nan, ba a ɗauke ba. Yaya ya ajiye fad ɗin da yake dannawa a kan tabarma, ya juya fuskarsa bango. Tuwon da na kai masa da rana haka na ɗauko shi, ƙudaje ne kawai suka ci.

Tun da ya dawo daga jami'a a Kalgo, kafin azumi, haka yake. In kwamfutar tana aiki yana cin abinci, yana wanka, wani lokaci har ya ce, “Amatu, miƙo min ruwa.” In ta mutu, shi ma kamar an kashe shi. Ba zan rubuta abin da ya dawo da shi gida ba. Kowa a Gwandu ya sani, ba sai takarda ma ta sani ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na ji Baba yana waya da Baffa Lukuman na Diggi. Shara nake yi a bayan zaure, ba laɓe ba. Baba ya ce da zarar ruwan farko ya sauka, in yaron nan bai dawo hayyacinsa ba, a zo a tafi da shi, akwatin nan kuma a sayar. Ya ce ai akwai malami can kusa da su. Na san labarin malamin. Habiba 'yar Baffa ta taɓa gaya min masu jinya a gidansa mari ake sa musu a ƙafa.

Yaya ba mahaukaci ba ne. Shiru kawai yake yi. Ni ma shiru nake yi, ba wanda ya ce a sa min mari.

Dole kwamfutar nan ta rayu har ruwa ya sauka.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Wani abokin Yaya ya zo daga Kalgo. Caleb sunansa, ajinsu ɗaya, mutumin Zuru ne. Ya durƙusa ya gaida Inna, yana ce mata Mama, ita kuma har da dama masa fura. Ni ban yarda da shi ba. Wane irin baƙo ne ke zuwa gaisuwa da sukundireba a aljihu?

Na tsaya a bayan labule. Ya kunna kwamfutar, ya kara kunnensa a jikinta. Ya ce ta tsufa amma ba ta gama yayinta ba, in an canza mata abu ɗaya ko biyu za ta ƙara shekaru. Ya ambaci ram, wato abin da ke sa ta riƙe ayyuka da yawa lokaci guda. Ya ambaci katin hoto, wanda ke sa 'yan wasa su yi gudu ba sa tsayawa. Ya ambaci faifai, inda take ajiye komai. Duk na san su. Da can in Yaya yana share ta ni ke riƙe masa tocila, yana faɗa min sunayensu.

Yaya ya ce abin da ya rage masa kuɗin abincinsa ne na makaranta da bai ci ba, kuma abu ɗaya za su saya. Caleb ya ce to faifan ya fi ba shi tsoro.

“Kada a taɓa faifan,” in ji Yaya.

Caleb ya ɗaga kai ya gan ni, ya ce, “Malama Amatullahi, ana leƙen asiri ne?” Na gudu madafa. Wa ya gaya masa sunana?

Lahadi, 27 ga Afrilu, da azahar

Zafi. Ta mutu sau biyu. Bai ci ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Na san dalilin da ya sa ya hana a taɓa faifan. Su biyu suka haɗa kwamfutar nan, shi da abokin ɗakinsa na Kalgo, wannan ya sayo wannan, wancan ya sayo wancan, duk na hannu. A cikin wasan kuma akwai ƙungiyar da suka gina tare tun suna aji ɗaya, suka sa mata suna, suka zaɓa mata riga. Tana cikin faifan. Yaya ba ya buga wata ƙungiya sai ita. Kuma in zai fara, fad biyu yake fitarwa, ya ajiye ɗaya a gefensa.

Rilwanu sunan abokin. To, na rubuta. Allah ya jiƙansa.

Yau na yi dabara. Da Yaya ya fita alwala na shafa jan farce kaɗan a kan kusoshin murfin kwamfutar, na kuma ɗora tsinken tsintsiya a samanta ta baya. In wani ya buɗe ta ko ya motsa ta, zan sani.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan magariba

Caleb ya kira wani mai gyara a Kalgo, Sirajuddeen, ya sa wayar kowa na ji. Mutumin bai ga kwamfutar ba, bai ji kukanta ba, amma nan take ya ce katin hoto ne, kuma Allah ya sa yana da guda na hannu mai kyau, saura shi kaɗai. Har da rantsuwa. Mai gaskiya ba ya saurin rantsuwa haka.

Na lura Caleb ya san lambarsa a ka. Wataƙila bakinsu ɗaya. Wannan ya ce faifai, wancan ya ce kati, don a ɗauka ba su san juna ba.

Da zai tafi na je na duba. Jan farcen yana nan yadda na sa shi.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Tsinken ya faɗi.

Caleb bai zo ba tun Laraba.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Na mayar da tsinken jiya, yau na dawo daga Islamiyya na same shi a ƙasa. Kuma kwamfutar ta matso daga jikin bango kamar taƙi ɗaya. A cikin gidan nan ne ke nan.

Duk yini ina kallon Baba. Ya ci abinci, ya wanke hannu, ya tambayi Inna ko yaron ya ci. Da ta ce a'a sai ya dubi sama wajen gabas. Shi ne ke son a sayar da ita. In ta mutu gaba ɗaya ba sai ya jira ruwa ba. Astagfirullah. Ubana ne. Amma na rubuta, ba zan goge ba.

Talata, 6 ga Mayu, da azahar

Na ce kaina na ciwo, ban je makaranta ba. Na kwanta a ɗakin Inna inda nake hango ƙofar Yaya.

An kawo wuta da safe, ya kunna ta. Ba ya kashe ta in zai shiga wanka, don tana daɗewa kafin ta tashi. Yana ɗaukar bokiti sai na ga an nufi ɗakinsa da kasko. Ba Baba ba ne.

Kowa ya san Inna tana yi wa ɗakin hayaƙi kullum, wanda Gwaggo Binta ta karɓo daga Masama, mai ƙaro da wasu saiwoyi. Ƙamshinsa ya kama har labule. Abin da ban sani ba shi ne sauran. Ta jawo kwamfutar daga bango, ta ajiye kaskon daidai inda fanka ke zuƙar iska, sannan ta lulluɓe su duka da zane kamar mai jego.

Ta waigo ta gan ni a bakin ƙofa. Na ɗauka za ta ji kunya.

“Ke, mi kike kallo? Riƙe min bakin zanen ga, yana zamewa.”

Na riƙe.

Ta ce min a hankali, ba na ganin yana ajiye abin wasa biyu? Ba na jin yana magana da ita in ya ɗauka ba kowa? Ta ce akwai abin da ke cikin akwatin nan da ya ƙi sakin ɗanta, kuma ta lura akwatin da kansa yake shan hayaƙin, alamar yana isa inda ake so. Idanunta suna ta ruwa. Ta ce hayaƙi ne.

Fankar tana kuka a ƙarƙashin zanen, ni kuma ina riƙe. Ban ce komai ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ma. Wannan karon da kanta ta kira ni.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan magariba

In na gaya wa Yaya, zai daina yi wa Inna ko kallon da yake yi mata. In na gaya wa Baba, zai ce gidan duka ya haukace. In na gaya wa Inna ta bari, za ta ce yaushe aka haife ni. Saura Caleb, ni kuma ban taɓa yi wa namiji baƙo magana ba, balle wanda ban yarda da shi ba.

An yi hadari a gabas da yamma. Iska ta watsa shi. Ban taɓa murnar watsewar hadari ba sai yau, Allah ya yafe min, manoma suna jira.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Caleb ya zo. Da Inna ta ce in kai masa ruwa, sai na haɗa da kaskon, da sauran tokarsa, na ajiye a bayan kwamfutar daidai inda ake ajiye shi. Na fita.

Ya dubi kaskon, ya dubi labule. Sannan ya roƙi Yaya ya bar shi ya buɗe murfin kawai, ba zai taɓa faifai ba. Da ya ga kusoshin ya ce wa ya yi wa kwamfuta kwalliya?

Cikinta ya yi baƙi. Fankar da ƙarfen da ke ƙarƙashinta duk sun toshe da wani abu mai danƙo kamar kwalta. Ya lakato da yatsa ya sansana. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Yaya yana kallon yatsan Caleb, sannan ya juya ya kalli Inna.

Inna ce ta fara magana. Ta ce to ai ga shi nan, ya shiga har ya bar alama.

“Ya shiga, Mama,” in ji Caleb. “Ya yi aikinsa ya gama. Ko maganin asibiti in aka wuce kwanakinsa sai ya koma ciwo. Yanzu a bar min ita haka nan.”

Ta ce ya tabbata? Ya ce ko kakarsa a Zuru kwana bakwai take yi ta tsaya. Ban sani ba ko yana da kaka.

Ya sa na kawo tsohon buroshin haƙori da tsumma. Ya wanke fankar da sifirit, ya goge ƙarfen, ya shafa masa wani mai mai launin toka daga ɗan ƙaramin sirinji. Bai karɓi ko sisi ba. Wannan ma ya sa ni tunani. Me yake so?

Yaya bai yi wa Inna faɗa ba. Da ta juya za ta fita ya ce, “Inna, akwai sauran furar?”

Talata, 13 ga Mayu, bayan azahar

Kwana uku ba ta mutu ba. Fankar ta yi shiru. Ashe katin hoton lafiyarsa lau, da mun bi Sirajuddeen da kuɗin sun tafi a banza.

Amma da fankar ta yi shiru sai aka fara jin wani abu. Ƙas. Ƙas. Daga faifan yake fitowa, kamar gara a cikin azara.

Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi

Yau ta ƙi tashi sai a karo na huɗu. Yaya ya zauna a gabanta, hannunsa a kan murfin, kamar mai jinya.

Baba ya sayo sabuwar jaka. Ya ce ta Inna ce. Inna ba ta zuwa ko'ina.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Caleb ya ce magana ta ƙare, an san abin da kuɗin za su saya. Ram zai iya jira, katin hoto zai iya jira, faifan ne ba zai jira ba. Akwai sabon iri, esesdi, ba ya juyi, ba ya ƙara, kuma ƙaraminsa daidai kuɗin Yaya ne. Ya ce ba za a rasa komai ba, za a kwafe duk abin da ke cikin tsohon zuwa sabon, har ƙungiyar. Amma na'urar kwafewa tana shagon Sirajuddeen, kuma sai an yi sauri, don ranar da faifan ya yi shiru shi ke nan. Ya ce a ba shi ya kai, jibi ya dawo da su biyun.

Yaya ya miƙa hannu ya ɗauki sukundireban. Zai ba shi.

Ban san lokacin da na fito daga bayan labule ba. Na ce kada ya bayar. Na ce mutumin da ya yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba, shi za a bar wa faifai har kwana biyu? Na ce faifai duk kamarsu ɗaya, in an musanya wa zai gane? In ya goge ya ce dama ya mutu fa? In Caleb ya bar shi a mota fa? Na ce ni ban ma san Caleb ba. A gabansa na faɗa. Tun da aka haife ni ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Caleb ya ce, “Ashe ana magana a gidan nan.”

Ni so nake a bar faifan a gida. Ba abin da ya faru ke nan ba. Yaya ya dube ni, ya ce gaskiyata, ba zai ba kowa ba.

“Ni zan kai shi.”

Hanyar Kalgo ɗaya ce, kuma duk mun san abin da ke kanta, kwanar da Rilwanu ya yi hatsari ya rasu.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan magariba

Mun dawo. Ƙafafuna ciwo suke yi amma sai na rubuta.

Inna ce ta ce in bi shi, kada in sake shi ko nan da can. Baba ne ya raka mu tasha. Na naɗe faifan a cikin tsohon hijabina. Da muka sauka Birnin Kebbi 'yan kabu-kabu suka yo kanmu da baburansu, Yaya ya ja baya har ya taka ni. Muka jira mota ta cika. Bayan mun bar gari, wajen wata kwana, ya karɓi faifan daga hannuna ya rungume, ya rufe ido. Leɓensa na motsi. Ni na kalli ƙafafuna har muka wuce.

Sirajuddeen ƙato ne mai yawan dariya. Yana ganin Yaya dariyar ta tsaya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Amma bai fasa tallar katin hotonsa ba, wai har yanzu saura shi kaɗai. Ya haɗa faifan da sabon a jikin na'ura, wani layi kore ya fara tafiya a sikirin, a hankali kamar hawainiya. Ya ce sai bayan azahar.

Sai Yaya ya ce min in zauna a kan benci, kada in ɗauke ido daga kan faifan. Na ce Inna ta ce kada in sake shi. Ya ce yau faifan ne shi. Suka fita da Caleb, wanda muka tarar a shagon.

Na zauna. Sirajuddeen ya ba ni lemo, ban sha ba. Layin ya tsaya cak sau ɗaya, faifan ya yi ƙas ƙas ƙas, na karanta duk abin da na haddace. Ya ci gaba. Da ya kai ƙarshe, Sirajuddeen ya zare tsohon zai jefa a cikin wani kwali, wai ya zama shara. Na miƙa hannu. Ya ce me zan yi da shi? Ban janye hannun ba. Ya ba ni.

Sai la'asar suka dawo. Gwiwoyin wandon Yaya duk ƙasa, idanunsa sun kumbura. Yana riƙe da leda cike da busasshen kifi. Caleb ya ce min a hankali, mahaifiyar Rilwanu ce ta ba shi, ta ce tun tuni take jiran ya zo. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

A mota Yaya ya ɓare kifi ɗaya ya ci, ya miƙo min rabi.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Kafin ka ce bismillah ta tashi. Ƙungiyar tana nan, da rigarta. Ya buga wasa ɗaya, ya kashe ta da kansa, ya fita. Na bi shi har zaure. Masallaci ya tafi.

Sabon abin ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar kwalin ashana. Ina zargin rabinsa iska ce aka sayar mana.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Ruwa ya sauka jiya da yamma, mai yawa. Yau kafin azahar Baffa Lukuman ya iso da motar haya da wasu maza biyu da ban sani ba. Suka zauna a zaure. Ni na kai ruwa, na ƙi fita.

Baba ya aika a kira Yaya, amma kafin ɗan aiken ya tashi sai ga shi ya shigo da kansa, da hula. Ya durƙusa ya gaida Baffa, ya tambayi mutanen Diggi da sunayensu, ya yi musu barka da ruwa. Sannan ya ce wa Baba yana so bayan Babbar Sallah ya koma makaranta, ya ji ko za su bar shi ya maimaita zangon da ya rasa.

Mazan nan biyu suka dubi juna. Baffa ya ce shi fa an taso shi tun daga Diggi, ya bar shuka. Ya ce irin wannan ciwon yakan yi lamo ya dawo. Baba ya dube shi.

“Ku ci abinci ku koma, Lukuman. Shuka ba ta jira.”

Baffa ya ce to akwatin fa, ai ya riga ya yi wa wani magana.

“Na yaro ne,” in ji Baba. “Shi za ka tambaya.”

Bai tambaya ba.

Na tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana. Sannan na ƙara tsayawa kaɗan, ko za ta juyo.